Sharhi: Ƙurajen Mai Juna Biyu da Suka Fi Ƙarfin Kemis

A unguwanni irin Gwallameji da ke Bauchi, mai juna biyu da ƙuraje suka feso mata takan fara zuwa kemis. Sai dai akwai wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, impetigo herpetiformis, wadda likitan Austriya Ferdinand von Hebra ya bayyana a 1872.

Takan ɓulla a watanni ukun ƙarshe: ƙuraje masu mugunya a hammata da matsematsi, haɗe da zazzaɓi. Tana iya raunana mabiyiya har jariri ya mutu a ciki.

Likitoci kan ba da prednisolone, su auna kalsiyam a jini, su sa ido kan jaririn. Wannan aikin Asibitin Koyarwa na ATBU ne, muddin ma'aikatan awon ciki suka tura ta da wuri.