Wa Ya Ce Baƙi Launi Ɗaya Ne?

Duk wanda ya tsaya a Tina Junction cikin garin Jos, ya ɗaga kai ya dubi allunan masu aski da mutum-mutumin da 'yan kanti ke sanya wa tufafi, zai ga takaici iri biyu. Ko dai an shafe fuskar da ruwan hoda kamar ta Bature, ko kuwa an dulmiya ta cikin baƙin fenti tamkar gindin tukunya, ba goshi, ba kumatu, sai fararen idanu. Alhali cikin jama'ar da ke kai da kawo a ƙarƙashin allunan nan babu mai kama da ko ɗaya.

Abin kunya, waɗanda suka fi mu damuwa da wannan al'amari Turawa ne masu wasan yaƙi a kan tebur. Manya ke yin sa, da mitsi-mitsin sojojin dalma ko roba masu tsayin kamar milimita 28, kuma tun 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa littafin dokokinsa. Yawancin 'yan wasan da hannunsu suke fentin dakarunsu. To, da suka zo kan mayaƙa irin Zulun da suka karya rundunar Ingila a Isandlwana cikin 1879, sai suka tarar baƙin fenti zalla kashe fuska yake yi. Dole a fara shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu, ja-ja, a zurara shunayya a kwarmin ido da ƙarƙashin haɓa, sannan a ɗiga ruwan ƙasa mai haske bisa goshi da karan hanci. In kuwa aka haskaka da fari, sai fatar ta yi furu-furu, kamar yaron da hunturu ya kama bai shafa mai ba.

Ba yabonsu muke yi ba. Shekara da shekaru in masu sayar musu da fenti suka rubuta "fata" a jikin kwalba, ta Bature suke nufi. Ko kamfanin Crayola na Amurka sai 1962 ya cire wannan suna daga allin zanen yara.

Amma mu mene ne hanzarinmu? Harshenmu ya riga burushinsu nisa. Muna da baƙi wuluk, da baƙi mai sheƙi, da wankan tarwaɗa, da ja, da fari, kuma tsohuwa mai neman wa jikanta aure ba ta taɓa cakuɗa su ba. Kai, a garin nan ne aka buɗe gidan tarihi a 1952, inda kawunan Nok na gasasshen yumɓu, masu shekara sama da 2,000, ke nuna cewa magabata sun iya kallon fuskarmu. Mu malaman adabi ne muka bar ɗalibi ya cika gajeren labarinsa da 'yan mata farare tas, mugun cikin labarin kuwa baƙi ƙirin, muka ba shi maki mai kyau, muka buga masa shi a mujalla irin wannan.