Molon Bayi Ya Koma Hannun Jikoki

A cikin kaɗe-kaɗen karkarar Amurka, waɗanda yanzu ake haɗa su a kira su Amerikana, akwai wani abin kiɗa mai suna banjo. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa tamkar gadon fararen fata mazauna duwatsu. Alhali kuwa bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera shi a can, da duma da fata da sanda, kusan yadda ake haɗa gurmi a ƙasar Hausa. Da zamani ya juya sai jikokinsu suka guje shi, domin an daɗe ana yi wa baƙar fata ba'a da shi a wasannin kwaikwayo.

Cikin 2005 aka yi taron baƙaƙe masu kaɗa banjo a garin Boone, Jihar Karolina ta Arewa. Bayan taron nan ne wasu matasa uku, watau Rhiannon Giddens da Dom Flemons da Justin Robinson, suka kafa ƙungiyar Carolina Chocolate Drops. Ba su yi gaggawar neman suna ba. Kowane daren Alhamis sai su tafi garin Mebane, gidan wani dattijo mai goge, Joe Thompson, wanda ya haura shekara 80, su zauna gabansa suna ɗaukar kiɗan da ya gada daga iyayensa.

Haƙurin nan kuwa ya yi rana. Faifansu mai suna Genuine Negro Jig ya fito cikin 2010, ya kuma ci lambar Grammy cikin 2011. Dattijon ya rasu cikin 2012 yana da shekara 93, amma bai tafi da kiɗansa kabari ba. Ita Giddens ma daga baya ta sami lambar Pulitzer cikin 2023, ita da Michael Abels, saboda wasan waƙa a kan Umar ibn Sa'id, malamin Futa Toro da aka bautar a Karolina.

To jama'a, ga abin dubawa. Akwai tsofaffin masu gurmi da garaya da kukuma a ƙauyukanmu, yatsunsu sun fara rawa, ba yaro ko ɗaya a gabansu. Kiɗa ba ya zama cikin duma, a hannun mai shi yake. In ba a je an durƙusa an karɓa ba, ran da aka kai shi makwanci tare za a rufe su.