IMANI BA CACA BA NE: RADDI GA WASAN "YOUNG SHELDON"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW). Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, Young Sheldon wasan barkwanci ne da tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 2017 zuwa 2024. Reshe ne da ya tsiro daga The Big Bang Theory, inda aka ciro jarumi guda, Sheldon, aka koma ba da labarin ƙuruciyarsa a jihar Texas. Tun da wayar hannu ta shigo da irinsa har ɗakunan 'ya'yanmu, yin shiru bai halatta gare mu ba.

Mu dubi kashi na uku na zangon farko. Fasto ya ce yiwuwar samuwar Ubangiji rabi da rabi ce, Sheldon ɗan shekara 9 ya ja da shi a tsakiyar coci. Kakarsa kuma ta zaunar da shi tana koya masa karta da dabarun yaudarar abokin wasa. Da ciwon zuciya ya kai mahaifinsa asibiti, sai yaron ya shiga ɗakin ibada ya roƙi mamaci, wato Blaise Pascal, masanin lissafin Faransa da ya mutu a 1662, mai cewa ko a lissafin ɗan caca imani ya fi kafirci riba. Subhanallah! Ashe kartar kaka da wa'azin fasto darasi guda ne: imani caca ce, a zuba a ga abin da zai fito.

Wani zai ce ai Kiristanci ake yi wa ba'a, ina ruwanmu? Muna cewa ba Triniti aka sa a gaba ba, samuwar Mahalicci ce kanta aka mayar abin kokwanto. An ba mulhidi kaifin basira, an bar mai addini da kame-kame, kuma ɗan Musulmin da ya yi dariya ya riga ya zaɓi gwaninsa. Alhali a aƙidarmu imani yaƙini ne, wanda ya yi shakka a samuwar Allah bai yi imani ba.

Sannan ina labarin ya dosa? Kaka ta mallaki gidan caca a bayan shagon wanki. Georgie, wan Sheldon, ya yi wa Mandy ciki ba aure yana ɗan shekara 17, sai ga shi a 2024 an ba su wasa nasu na kansu. Wannan ita ce ladar alfasha a wurinsu.

Ya ku iyaye, a Suratut Tahrim Allah ya ɗora mana kare iyalanmu daga wuta. Mu san abin da suke kallo, mu karantar da su tauhidi da hujjojinsa tun shubuha ba ta riga mu zuwa zukatansu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wabillahit taufiƙ.