Gargaɗi Ga Mai Tafiyar Ƙasa Cikin Zafin Makka

Ga wata magana wadda ta cancanci malamai su faɗe ta a zaurukan karatu, attajirai kuma su yi ta a rumfunansu, tun maniyyata ba su ɗaure kaya ba. Watau maganar tafiyar ƙasa tsakanin Makka da Mina da Arfa sa'ad da rana ta take.

A Hajjin shekarar 2024, wanda ya faɗo cikin watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Hukumar Saudiyya ta ƙidaya mutum 1,301 da suka riga mu gidan gaskiya, ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da takardar izinin Hajji, sun yi ta doguwar tafiya a ƙasa, ba inuwa, ba masauki. Allah ya jiƙan su. Amma wanda ya ji wannan labari bai ɗauki izina ba, lalle ya yi sakaci.

Akwai masu zaton cewa gwargwadon yadda mutum ya gasa kansa a rana, gwargwadon ladansa. Wannan zato kuskure ne, domin kiyaye rai wajibi ne, jiki kuwa amana ne. Ko fataken dauri, da suka fi kowa sanin hanya, da asuba madugu yake tayar da ayari, in rana ta yi tsaka a sauka zango. Daga Mina zuwa Arfa kimanin mil 9 ne. Ba tafiyar da dattijo zai shiga da tsakar rana ba ce.

Jikin ɗan Adam da gumi yake sanyaya kansa, mai tafiya cikin irin wannan zafi kuwa yakan zubar da lita guda ko fiye cikin sa'a ɗaya, ruwa da gishiri tare. Saboda haka ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, kada ya jira ƙishirwa. In ya yi gumi ƙwarai, ya jiƙa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita ɗaya, ya sha. Fitsari kaɗan mai duhu, da ciwon kai, da jiri, da ɗaurewar jijiyoyi, duk alamu ne na a nemi inuwa nan take. Idan kuwa mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi rau, to, rai na cikin haɗari: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a yi ta fifita, a kira likita. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, don kada ya shaƙe.

Saura maganar hukunci, wadda malamai suka fi kowa sani. Lokacin jifa a kwanakin Tashriƙ daga zawali ne har faɗuwar rana, wanda ya dakata sai la'asar sakaliya bai fita daga lokaci ba. Laima ga mai harami akwai saɓani a kanta a mazhabar Malik. To, ko da an ɗauki ƙaulin masu cewa da fidiya, ai fidiya ta fi rai araha.

Gaskiya ne Hajji yana ja baya da kwana 11 kowace shekara, amma zafin Makka ko a watan Mayu yakan haura digiri 40. Saboda haka malamin da ya karantar da farillan Hajji bai karantar da wannan ba, karatunsa da saura. Allah ya kai bayinsa lafiya, ya komo da su lafiya, amin.