Wane Bugun Littafi Mai Tsarki Ya Dace da Teburin Marubuci?



Da yawa cikinmu mun fara saka taurari Kiristoci a labaranmu: malamar asibiti 'yar Wusasa, ɗan kasuwa a Sabon Gari, fasto a Jos. Sai dai kalaman da muke sa musu a baki, galibi a bakin titi muka tsinto su. Makaranci Kirista yakan gane tun shafin farko, ya ajiye littafin. Mafita ita ce mu karanta Littafi Mai Tsarki da kanmu, mu kuma nemi bugun nazari, wato mai sharhin masana a ƙasan kowane shafi.

A ganinmu, bugun da ya cancanci kuɗinmu shi ne wanda ba ya ɓoye saɓani. Kafin mu biya, mu buɗe Markus sura ta 16. Ayoyi na 9 zuwa 20 babu su a Sinaiticus da Vaticanus, tsofaffin kwafe biyu na ƙarni na 4. Bugu nagari zai faɗi hakan ƙarara. Wanda ya yi shiru a nan, ina tabbacin bai yi shiru a wasu wuraren ba?

Sannan mu duba su waye masu sharhin. ESV Study Bible na 2008 yana bin fahimtar majami'un bishara. New Oxford Annotated Bible aikin malaman jami'a ne, ya fi karkata ga tarihin nassi. Africa Study Bible na 2017 yana kallon nassin da idon Afirka. Kowanne da inda ya tsaya, sanin hakan ne zai hana mu ɗauki ra'ayin mai sharhi a matsayin aya.

Mu kuma ƙirga littattafan. Na Furotesta 66 ne, na Katolika 73. Idan tauraruwarmu 'yar Katolika ce, bugun da babu Tobit a ciki bai wakilce ta ba.

Wani zai ce duk waɗannan da Turanci suke. Gaskiya ne. Shi ya sa za mu ajiye fassarar Hausa a gefe, ko ta 1932 wadda Dakta Walter Miller ya yi wa hidima, ko sababbin da suka biyo baya. Daga can ne za mu ji yadda ake cewa Almasihu, ikilisiya da bishara.

Wanda muka ari sunansa da addininsa a labari yana da haƙƙin mu san shi tukuna.