RA'AYINMU: Kunkurun Ƙarfe da Ma'anar Rai

A tsakanin shekarar 1948 da 1949, wani masanin ƙwaƙwalwa mai suna Grey Walter ya ƙera 'yan na'urori biyu masu siffar kunkuru a birnin Bristol na ƙasar Ingila, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Babu mai tuƙa su. Suna bin haske, suna kauce wa abin da suka yi karo da shi, in batirinsu ya yi sanyi kuma su nufi akurkinsu su ɗebi wuta.

Wannan ita ce ma'anar mutum-mutumi mai cin gashin kansa: ya ji abin da ke kewaye da shi, ya aikata daidai da abin da ya ji, ba da sa hannun kowa ba. Motar wasan da yaro ke juyawa daga nesa ba ta cikin wannan sahu.

Taron da Christopher Langton ya kira a Los Alamos ta Amurka cikin 1987 shi ya kafa fannin da ake kira rayuwar kwaikwayo, wanda irin waɗannan na'urori ke cikinsa. To, amma kama da wane ba ta wane. Na'urar ba ta girma, ba ta haihuwa, ba ta warkar da rauninta. Fa'idarta ita ce nuna yadda 'yan wayoyi ƙalilan ke haifar da ɗabi'a irin ta ƙwaro.

Saboda haka bai kamata a ji tsoronta ko a zuzuta ta ba. Abin da ya wajaba shi ne hukumomin ilmi su sanya ƙera ta cikin darussan makarantun fasaha, tun da kayan haɗinta ba su wuce ƙaramin inji, batir, na'urar jin haske da tarkacen tsohuwar rediyo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.