Ra'ayina: Ɗalibin Hausa Ma Ya Iya Renon Iri

Na san wani zai ga kan wannan rubutu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mujallar masu nazarin harshe ce, ina ruwanta da tumatir da alayyafo? To mai karatu ka yi mini haƙuri ka biyo ni, domin ina ganin akwai abin da ya haɗa su.

Ni dai a Wunti na girma cikin garin Bauchi, amma iyayena mutanen Dass ne, kuma Jaranci na fara ji a gidanmu. Hausa a waje na tsince ta, a bakin kasuwar Wunti da wurin ƙwallo da makaranta. Da na zo jami'a ina taƙamar na iya Hausa, sai wata rana malami ya tambaye mu bambancin binne da shuka, da kuma noman firi da maimai. Na yi zuru. Abin da ya ba ni mamaki shi ne abokan karatuna da aka haifa cikin Hausa, waɗanda suka tashi a birni, su ma shiru suka yi. Binne dai shi ne a sa iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, shuka kuwa sai ƙasa ta jiƙa. Firi shi ne noman farko, maimai na biyu. Mun rubuta a littafi, mun haddace don jarrabawa, amma ba wanda ya san su a hannunsa.

Abin da ya kai ni ga ƙasa kuwa tsada ce. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kayan gwari suka bi shi. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A wannan hutun ne mahaifiyata ta aike ni cefane, na zaga kasuwar Wunti, na wuce Muda Lawal, na dawo da tumatir ɗin da bai cika tafin hannu biyu ba. Ba wannan ne karon farko ba. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ta fito, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ke nan miyar gidanmu tana rataye ne a gonar wani da motar wani.

Na yanke shawarar in gwada shuka a tsakar gida. Gwajin farko kuwa abin kunya ne. Na sayi iri a ƙulle cikin leda wurin wani mai talla, na tona rami mai zurfi, na zuba, ina ta malala ruwa safe da rana da yamma. Mafi yawa bai fito ba. 'Yan da suka fito suka yi tsawo siri-siri, gindinsu ya ruɓe, suka kwanta. Wanda ya rage ƙadangaru da kajin maƙwabta suka ƙarasa shi.

Wani dattijo a layinmu, wanda ya yi shekaru yana lambu, shi ya ga abin ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, kabari ka haƙa wa irin nan, kuma ka bi shi da ambaliya." Na ce, "To Baba, yaya ake yi?" Abin da ya koya mini, da wanda na ƙara karantawa daga baya, shi zan taƙaita a nan, domin kusan duk ba ya cin kuɗi.

Na farko, a gwada iri kafin a wahala. A ƙirga ƙwaya 10, a naɗe cikin tsumma mai danshi, a sa a leda a ajiye a inuwa, ana dubawa kada ya bushe. In bakwai ko takwas sun tsira, irin yana da kyau. In uku ne kawai, a nemi wani. Da na yi haka tun farko, da na gane irin mai tallan nan ya daɗe da mutuwa.

Na biyu, mazubi. Gwangwanin madara, da ledar fiya-wata da aka yanke bakinta, da kwalin ƙwai, da tsohuwar roba da ta fashe, duk suna aiki. Sharaɗi ɗaya ne, a huda ƙasansu da ƙusa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wannan leda da ke toshe mana kwatoci kowace damina, ga amfaninta.

Na uku, ƙasa. A haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu, da taki kashi ɗaya, da yashi kashi ɗaya, a tankaɗe. Takin ya zama ruɓaɓɓe wanda ya huce, domin ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi. Ruɓewar gindin da ta kashe nawa kuwa wata cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, kuma yawan ruwa da cunkoso ne ke tayar da ita. Mai son rage ta ya kwarara tafasasshen ruwa a kan ƙasar, ya bari ta huce kafin ya shuka.

Na huɗu, zurfi. Kada a binne iri fiye da kaurinsa sau biyu zuwa uku. Tumatir da tattasai da attaruhu ɗan lulluɓi kawai suke so. Irin alayyafo da yake ƙanana ne ƙwarai, gauraya shi ake yi da yashi a yafa, don kada ya taru wuri guda. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, sannan a shuka ta kai tsaye inda za ta zauna, domin ita da karas ba sa son dashe.

Na biyar, haƙuri. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10, amma attaruhu yana iya kai mako biyu zuwa uku, kuma da yawa sukan zubar da shi suna zaton ya mutu. Ruwa yayyafi ake yi da gwangwani mai huji, ƙasa ta yi danshi kada ta yi caɓi. Da zarar tsiro ya leƙo a kai shi inda zai sami hantsi, domin rashin haske ne ke sa shi tsawon banza. Tsohon gidan sauro kuwa ya ishe shi kariya daga ƙadangare da kaza.

Na shida, dashe. Bayan mako uku zuwa huɗu, in tumatir ya yi ganye huɗu ko biyar, sai a mayar da shi buhu da aka cika da ƙasa. Da yamma ake yi, a ɗauko shi da ƙasarsa kada saiwa ta tsinke, a ba shi ruwa nan take. Kuma a kula da lokaci. A Bauchi hunturu ne lokacin tumatir da latas da kabeji, zafin Maris da Afrilu kuwa kakkaɓe furen tumatir yake yi. Alayyafo da yakuwa da rama da kuɓewa su ne na damina.

Iri ma ba dole sai an saya ba. A matse nunannen tumatir mai lafiya a kofi, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa, a adana a kwalba da 'yar toka. Amma a sani, irin aure da kamfanoni ke sayarwa, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba sa gado iyayensu sosai. Irin gida shi ne abin ajiya.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce gidan haya muke, ba fili. Gwangwani goma ba su kai faɗin tabarma ba, buhu kuwa a gindin katanga yake zama. Wani zai ce ruwa, tun da ba kullum famfo ke kawo na dam ɗin Gubi ba. Ruwan da aka wanke shinkafa da ganye, da na alwala in an tara a bokiti, ya ishi buhu biyar, in dai ba mai sabulu ba ne. Wani kuma zai ce wannan ba zai ciyar da gida ba. Gaskiyarsa, buhu biyar ba za su maye gurbin manoman Kadawa ba, kuma ba za su sauke wa hukuma nauyin gyara hanya da samar da taki ba. Amma alayyafon da na yafa mun fara tsinka cikin wata guda, kuma kuɗin ganyen miya ya koma wurin manja. Da babu gara ba daɗi.

Jan da ya fi damuna shi ne na mai cewa ɗan jami'a ya wuce wasa da ƙasa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ta ce kowa ya yi shuka ko a bayan gidansa ne. A 1980 Shugaba Shagari ya zo da nasa shirin. Shirye-shiryen sun wuce, raina noma bai wuce ba. Mu ne muke rubuta kirarin noma a jarrabawa, na duƙe tsohon ciniki kowa ya zo duniya kai ya tarar, sannan mu fito muna ƙyamar fartanya.

A nan ne maganar ta dawo kan harshe. Tun 1916 Bature Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya yi littafi, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin gona. Kalma ba ta rayuwa a ƙamus, tana rayuwa ne a bakin mai aiki da ita. A wata biyu da na yi ina zuwa wurin dattijon nan, na ji kwami da yabanya da toho da yafi da cira a muhallinsu, ba wanda ya ce in haddace. Na kuma koma ina tambayar mahaifiyata yadda ake faɗar su da Jaranci, na tarar akwai waɗanda ita ma sai ta yi tunani. In mu masu nazarin harshe ba mu je inda ake aikin ba, wa zai rubuta waɗannan kalmomi kafin masu su su tafi?

Saboda haka shawarata biyu ce. Kowane ɗalibi a hutu mai zuwa ya nemi gwangwani goma ya shuka abin da gidansu ke ci, ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta ranar shuka da ranar tsiro, da duk sabuwar kalmar da ya ji da wurin da ya ji ta. Ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma ta tattara waɗannan kalmomi, na Bauchi da na Katsina da na Sakkwato da na Zariya, a buga su a wannan mujalla a kwatanta. Ko irin bai fito ba, an sami abin nazarin karin harshe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci jarrabawa, amin.